WASIƘAR GWIWA: Sunayen Raunin Da Ke Cikin Kai

Ina neman gafara, gama na yi alkawari zan ƙarasa zancen takin zamani a wannan mako, amma wata magana ta sha gabansa, na ga kuwa ta fi shi gaggawa.

Jama'a, ku duba yawan sunayen da Bahaushe ya ke da su game da ƙashi. Akwai karaya, akwai tsagewa, akwai gocewa, akwai targaɗe, kowace tsohuwa kuwa ta san wanda a ke kai wa maɗori da wanda ruwan zafi da man shanu sun ishe shi. To, amma a hau bisa kai a gani. In jini ya fito mu ce rotse, in mutum ya faɗi bai motsa ba mu ce suma, in ya tashi halinsa ya sake mu ce hauka ko iska. Shi ke nan, jakarmu ta ƙare. Tsakanin suma da hauka kuwa akwai ciwace-ciwace masu yawa, kowanne da maganinsa dabam, mu duka mun haɗa su cikin tukunya guda. Ban san haɗarin wannan ba sai bara, da abin ya zo ƙofar gidana.

Bayan girbi wani saurayi, ɗan maƙwabcina, wanda na koya wa karatu yana ƙarami, ya ɗora buhun wake bisa babur za shi kasuwa, akuya ta gitta masa, ya faɗi. Ba hular kwano a kansa. Ya ɗan suma kamar ƙiftawar ido, ya farfaɗo, ya kakkaɓe rigarsa, ya tada babur da kansa. Abin da a ke gani duka ɗan rotse ne bisa kunnensa na hagu. Ya komo gida, ya ci tuwo, har yana ba mutane labari ana dariya, kowa na cewa Allah ya kiyaye. Bayan isha'i ya ce kansa na sarawa, ya yi amai, ya sake yi, sa'an nan barci ya fara fizgarsa. Uwarsa ta ce a bar shi ya huta, gajiya ce. Allah da ikonsa, akwai wani tsohon malamin asibiti a unguwarmu da ya zo yi musu jaje. Ya haska idon yaron da tocila, ya ga baƙin ido na hagu ya buɗe ya fi na dama, ya ce a nemo mota yanzu yanzu, kada a jira asuba. Aka kai shi Kazaure, daga can aka ce a wuce Kano, aka yi masa aiki a kai tun gari bai waye ba. Ya rayu.

Da aka kwana biyu uban ya zo mini da takardun asibiti, ya ce, “Malam, kai ne mai Turanci, karanta mini abin da ya sami ɗana.” Na karɓa da ƙarfin zuciya, gama na shekara da yawa ina koyar da Turanci, amma na duba sama na duba ƙasa na ga ba Turancin da na sani ba ne. Kunya ta sa na shiga tambaya, wajen tsohon malamin asibitin nan da waɗansu ma'aikatan lafiya, da karatun abin da na samu. Abin da na tsinto shi ne na ke so in shimfiɗa muku, tare da sunayen da na ke ganin sun dace da Hausa. In na kuskure, masana su gyara.

Kalma ta fari da ta ruɗa uban ita ce “koma”. Ya ji ana ta faɗinta a bakin gadon ɗansa, shi a zatonsa cewa a ke yi su koma gida, ba sauran dabara, har ya fara hawaye. Ashe kalmar likitoci ce, ma'anarta doguwar suma, watau mutum yana numfashi amma ba ya buɗe ido, ba ya amsa kira, ba kuwa a iya tashinsa kamar mai barci. Suma kuma hawa hawa ce, har akwai ma'aunin da a ke auna zurfinta. Waɗansu likitoci biyu na birnin Gilasgo a ƙasar Sukotlan, Graham Teasdale da Bryan Jennett, su suka fito da shi cikin 1974, yau kuwa duk duniya da shi a ke aiki. Abu uku a ke dubawa: buɗe ido, a ba da maki 1 zuwa 4, magana, 1 zuwa 5, motsin jiki, 1 zuwa 6. In an tara, mai cikakken hankali ya sami 15, mafi ƙanƙanta kuwa 3. Daga 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. A takardar yaron an rubuta 8 bisa 15. Da na karanta wa uban ya ce, “To, alhamdu lillahi, ai ya haye rabi.” Ya ɗauka sakamakon jarrabawa ne. Ni kaina da fari haka na ɗauka.

Sai kalmar da su ke kira kwankoshan, wadda na ke so mu riƙa ce mata girgizar ƙwaƙwalwa. Ita ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, kamar a sa awara cikin ƙwarya mai ruwa a rufe. In an bugi ƙwaryar, ko da ba ta fashe ba, awarar ta kan girgiza ta bugi gefe. Mai wannan ciwo ya kan ji jiri da ciwon kai, ya ɗimauce, ya manta yadda aka yi ya faɗi, haske da hayaniya su dame shi. Ba lalle ne sai ya suma ba, sau da yawa ma hoto ba ya nuna komai. Yawanci su kan warke cikin kwanaki ko makonni kaɗan, muddin dai sun huta, ba su sake buguwa a kai ba tun ta farin ba ta warke ba. Wannan ita ce ke samun 'yan dambe sa'ad da muka ga ƙato ya tashi yana tangaɗi muna ta shewa. Ina kuma tuna wa 'yan'uwana malaman makaranta, na boko da na allo, kan yaro ba wurin horo ba ne.

Abin da ya so ya kashe yaron namu ya wuce girgiza. Ƙashin da ke bisa kunne ba shi da kauri, ƙarƙashinsa kuwa wata jijiyar jini ta bi. In ƙashin ya tsage ya yanki jijiyar, jini ya riƙa zuba a hankali tsakanin ƙoƙon kai da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon babban mutum ba ya buɗewa kamar ciki, saboda haka jinin ba shi da wurin zuwa sai ya danne ƙwaƙwalwa. Likitoci na ce da shi hematoma, mu ce taruwar jini cikin ƙoƙon kai. Kafin jinin ya yi yawa mutum ya kan yi sa'o'i garau, yana ci yana hira. Su likitoci suna da suna ga wannan tsakanin, mu ba mu da shi, rashinsa kuwa shi ke sa a shimfiɗa wa mutum tabarma a ce ya huta. Ni dai na raɗa masa suna lafiyar yaudara. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya faɗa wa iyalinsa: wanda ya bugu a kai a sa masa ido kwana guda cur, ko da ya ce lafiya lau ya ke. In amai ya maimaitu, ko ciwon kai ya riƙa ƙaruwa, ko barci ya yi nauyin da ba a iya tashinsa, ko hannu da ƙafa na gefe guda suka saki, ko ya yi jijjiga, ko aka ga jini ko ruwa garai garai na fita ta kunne ko hanci, to, ba sauran shawara sai mota. Kada a ɗura wa sumamme ruwa ko rubutu a baki, gama huhu za shi. Kada kuma a naɗe shi a cusa bayan babur wuya na reto, don buguwar da ta sami kai ta kan sami ƙashin wuya.

Tsofaffi nasu ya kan zo da wata siffa. Dattijo ya bugi dokin ƙofa ko ya zame a banɗaki, a manta da zancen, sai bayan makonni a ga ya fara ruɗewa, yana jan ƙafa, yana kiran jikansa da sunan ƙanensa da ya rasu. Mu ce rikicin tsufa ne. Wani lokaci kuwa jini ne ya taru sannu sannu, in an huda ƙoƙon aka zuƙe shi, dattijo ya komo hayyacinsa.

Yadda a ke ganin jinin nan shi ne da na'urar da a ke kira siti sikan, wadda wani Bature injiniya, Godfrey Hounsfield, ya ƙago, aka fara gwada ta bisa majinyaci a Landan cikin 1971. Ita ce hoton ƙwaƙwalwa. Ta bambanta da hoton ƙashi da muka saba, wanda ƙashi kaɗai ya ke nunawa, don haka kada wani ya ce an ɗauki hoton kai ba a ga karaya ba, shi ke nan an tsira. Mai yin aikin kuwa shi ne likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Na farkonsu a Nijeriya shi ne Latunde Odeku, wanda ya kafa sashen a asibitin koyarwa na Ibadan cikin 1962. Yanzu akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Zariya. Amma ku auna tafiyar mutumin Gwiwa da dare, ya bi ta Kazaure ya kama hanyar Daura zuwa Kano, ku ga ko akwai sa'ar da za a ɓata wajen gardama.

To, a nan ne fa harshenmu ya yi mana ƙafar ungulu. A bakin mutanenmu “taɓin ƙwaƙwalwa” hauka ne, “likitan ƙwaƙwalwa” kuwa likitan mahaukata. Yaron nan an riga an kai kuɗin gaisuwarsa wani gida. Da labari ya isa can cewa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, yana hannun likitan ƙwaƙwalwa a Kano, sai iyayen yarinya suka fara sanyi, ana aike suna kewaye-kewaye. Ban ga laifinsu ba ƙwarai, abin da kalmar ta faɗa musu suka ji. Lalle ne mu raba abin nan biyu. Raunin ƙwaƙwalwa rauni ne kamar karayar ƙafa, yana da ranar da ya faru da wurin da ya faru, ba ya bin jini, ba a gadonsa. Ciwon hankali kuwa wani fanni ne da likitocinsa dabam, shi ma ciwo ne mai magani ba abin gori ba, amma kowanne a kira shi da sunansa.

Da aka sallamo shi ya dawo da abu biyu. Hannunsa na dama da ƙafar dama ba ƙarfi, ko da ya ke a hagu ya bugu. Mutane suka yi ta mamaki, har wani ya ce ai wannan ya nuna ba faɗuwar ba ce, jifa ne. Alhali kuwa haka Allah ya gina ɗan Adam: ɓangaren ƙwaƙwalwa na hagu shi ke sarrafa jikin dama, na dama shi ke sarrafa hagu. Shi ya sa mai hawan jini, in jijiya ta toshe ko ta fashe masa a ɓangare guda, shanyewar ɓarin jiki ta kan fito a ɗaya gefen.

Na biyun ya fi ban tausayi. Magana ta ƙi. Yana son ruwa, yana kallon randa, ya san abin da ya ke so sarai, amma kalmar ba ta zuwa, sai ya ce “wannan, wannan,” ya buga hannu a ƙasa don takaici. Abin da ya ƙara rikita mutane, in lokacin salla ya yi sai ya karanta Fatiha tiryan-tiryan ba gargada. Aka ce to, ga shi nan, aljani ne ya riƙe harshen, Alƙur'ani kaɗai ya ke sakar masa. Likitoci kuwa sun daɗe da sanin wannan, suna kiransa afeziya. Wani likitan Faransa, Paul Broca, cikin 1861 ya yi bayanin wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai “tan”, ko da ya ke yana gane abin da a ke faɗa masa. Da ya rasu aka duba, aka tarar da lahani a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. Cikin 1874 wani Bajamushe, Carl Wernicke, ya bayyana wani iri kuma, inda magana ke zuba kamar ruwa amma ba ma'ana, mai ita kuma ba ya fahimtar ta mutane. Abin da aka haddace tun yarinta, kamar ƙirga da karatun salla, sau da yawa ya kan tsira, don ya zauna daram, ba a bukatar neman kalma ɗaya ɗaya. Wannan ba bebantaka ba ce, ba i'ina ba ce, hankalin mutum kuma yana nan. Ina ganin mu ce da ita ɓacewar kalma. Mai ita yana jin duk abin da a ke faɗa a kansa, saboda haka masu zuwa dubiya su iya bakinsu.

Akwai kuma sakewar hali. Yaron da a da ba ya ɗaga ido gaban babba ya zama mai saurin fushi, mai mantuwa, ɗan aiki kaɗan ya gajiyar da shi. Wannan ma daga raunin ne, musamman in ya shafi goshi. Littattafan likita har yau suna ba da labarin wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, Phineas Gage, wanda sandan ƙarfe ya ratsa kansa cikin 1848, ya rayu, amma waɗanda suka san shi suka ce ba mutumin da ba ne. Wani daga dangin yaron namu ya kawo shawara a kai shi gidan mari a gyara masa hali. Na tuna masa abin da 'yan sanda suka tarar cikin waɗansu irin gidajen nan a Kaduna da Daura cikin 2019, mutane cikin sarƙa da tabon bulala, na ce kan da likita ya ɗinke jiya ba shi za a kai wa dorina ba. Waɗansu kuma farfaɗiya ta kan biyo bayan rauni, ko da bayan watanni. Ita ma tabon ƙwaƙwalwa ne ke kawo ta, ba a ɗaukarta ta miyau, ana kuwa riƙe ta da ƙwayoyin asibiti in ba a yi fashin sha ba.

Saura zancen jinya bayan sallama, wadda a takarda aka rubuta rihabiliteshan. Masu fassara a rediyo su kan ce “gyaran hali”, wannan kuwa na masu shaye-shaye ne, bai dace da nan ba ko kaɗan. Aka kuma ce wa uban ya riƙa kai shi “gashi”, gama haka mu ke kiran sashen fisiyo a asibiti. Shi da ya ji gashi sai ya tanadi ruwan zafi da tsumma, yana shirin kiran wanzami ya yi ƙaho, a ganinsa ya hutar da kansa kuɗin mota. Gaskiya ne a kan gasa gaɓa a can wani lokaci, amma ga mai raunin ƙwaƙwalwa ba wuta ce magani ba, maimaici ne. Hannun lafiyarsa lau, hanyar da saƙo ke bi daga kai zuwa hannu ita ce ta yanke. Ku tuna yadda mu ke yi da damina in ruwa ya cinye hanya: mutum ɗaya ya ratsa ta gefen gona, gobe wani ya bi sawunsa, kafin wata guda turba ta fito. Haka ƙwaƙwalwa ke fid da sabuwar hanya, in ana takawa kullum. Saboda haka sunan da na zaɓa shi ne sake koyo.

Masu wannan aiki iri uku ne. Akwai mai koyar da motsi, shi ne ɗan fisiyo, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana horar da su. Akwai mai koyar da ayyukan yau da kullum, kamar sa riga da alwala da riƙon cokali da ƙirga canji. Akwai kuma mai koyar da magana da haɗiya. Biyun nan na baya sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasarmu, don haka yawancin aikin a kan iyali ya ke faɗawa. Mu abin da muka yi, a kan kai shi Kano lokaci lokaci a nuna wa ƙanensa motsin da za a yi, a dawo gida a yi ta yi safe da yamma. Ni kuma na ɗauko katunan hotuna na 'yan aji ɗaya, bayan la'asar mu zauna a zaure, in nuna masa akuya, in nuna masa tulu, in jira. Jiran nan ya fi komai wuya, gama baki na ƙaiƙayi ka faɗa masa, in ka faɗa kuwa ka ƙwace masa turbar da ya ke fitarwa. An ce mini sauƙi ya fi sauri cikin watanni shida na fari, sa'an nan ya ci gaba a hankali har shekara ɗaya ko biyu. Haka kuwa muka gani. Uwarsa da ta ke yi masa komai don tausayi, har ba shi abinci a baki, sai da aka roƙe ta ta bari.

Yau yana tafiya ba sanda, ya kafa tebur a ƙofar gida yana sayar da sabulu da ashana, yana ba da canji daidai, ko da ya ke in ya gaji kalma ta kan ɓace masa har yanzu. Babur dai an hana shi tukuna. Tsohon malamin asibitin nan ya tafi da kansa gidan iyayen yarinya, ya zauna da uban ya warware masa bambancin rauni da hauka, sun ce a ba su zuwa bayan salla su yi shawara. Ƙanensa da ya gaji babur ɗin na ga ya sayi hular kwano. Tun 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa ta, muka mai da abin wasa, har waɗansu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce shinge.

Malam Edita, ga roƙona. Sunayen nan da na kawo, doguwar suma da girgizar ƙwaƙwalwa da taruwar jini, waɗansu na ji su a bakin ma'aikatan lafiya; lafiyar yaudara da ɓacewar kalma da sake koyo kuwa ƙirar zaurena ce, ban ce sun fi na kowa ba. Ina so malaman Jami'ar Bayero da suka fitar da Ƙamusun Hausa cikin 2006 su zauna da likitoci su daidaita mana su, a buga a ɗan littafi a rarraba ɗakunan shan magani. Kafin nan, masu karatu na Katsina da Sakkwato da Zazzau da Maraɗi, wanda ya san wata kalma da tsofaffin garinsu ke faɗa wa ɗaya daga ciwace-ciwacen nan, musamman mahauta da 'yan dambe da wanzamai, ya aiko ta hannun Edita, zan tara su in kawo a wannan fili. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai zancen taki.

Wassalam.

Wakilinku na Gwiwa.